Ƙugiyar da Ta Maƙale

Shekara uku ina tsaron shafin ƙungiyarmu
daga wani ɗaki a Aboabo, saman shagon mai gyaran fanka.
Rumbu ne mai biyayya: ka zuba rubutu, ya jera,
ka miƙa hoto, ya rataye.
Abin da ke motsi ne bai san inda zai ajiye ba.

Sai ga batun Baba Isaka,
na ƙarshe cikin masu ɗaure huhun goro a layinmu.
Na ce ya faɗa mini yadda ake yi, in rubuta.
Ya ce, "Ka shimfiɗa ganye, ka juya, ka ja."
Na ce, juyawa ta ina?
Ya dubi hannunsa kamar shi zai ba da amsa.
Shafi biyu na cika, ko ƙulli ɗaya bai ɗauru ba.

Zuwera ta ɗauke shi a waya, minti goma sha ɗaya,
har da carar zakaran maƙwabta da ihun yaran mota masu kiran Kejetiya.
Masu ba da hayar majigi suka ce dala duk wata,
ko su liƙa tallan caca
a goshin tsohon da sahun asuba bai taɓa wuce shi ba.
Ma'ajinmu ya zazzage gwangwani: sidi ɗari biyu da 'yan canji.

Na nufi masu barin ƙofa a buɗe.
Akwai mutanen da ban san fuskarsu ba,
sun haƙa rijiya, sun bar guga a bakinta,
har sun rubuta yadda aka tufka igiyar,
don in ta tsinke ka san inda za ka kama.
Na ɗebo.
Na shiga huda wa rumbunmu taga.

Daren farko Baba ya fito a kwance, kai a gabas.
Dare na biyu murya ta riga leɓe isowa.
Na uku, saura ƙiris, aka ɗauke wuta,
na zauna da kokon safe da ya sandare a leda
ina sauraron ruwa na dukan kwano.
Na koya wa injin ya dinga rage wa bidiyo nauyi
don mai datar sidi biyu ma ya samu rabonsa.

Duk da haka ya ƙi hawa.
Kwana huɗu ina bin layi-layi kamar mai tsince tsakuwa a wake,
ashe sunan fayil ne: yadda ake ƙulle huhu.
Ƙugiyar kan harafin ce ta maƙale masa a wuya.
Maginan ba su taɓa jin harshenmu ba.
Ba ƙeta ba ce, baƙunta ce.
Zuwera ta ce, "Cire ta mana, mu huta."
Na ce in na cire ta, ƙulle ya koma kulle,
mu kuwa buɗewa muka zo yi.

Layi uku na gyara, na mayar musu,
don wanda aka yi wa gayya, gobe da fartanyarsa zai fito.
Wata mata, can inda dare ke yi in mun wayi gari,
ta duba, ta yi godiya, ta haɗa da nasu.

Juma'a bayan la'asar, a rumfar goro,
Baba ya riƙe wayar nesa da ido kamar mai duban jabun kuɗi.
Hannayensa suka shimfiɗa, suka juya, suka ja,
ba tsayawa, ba sarƙewa.
Ni hoton nake tsaro, numfashina a riƙe.
Shi kuwa tsaki ya ja.
"Ganyen nan ya bushe," in ji shi,
"kuma na yi gaggawa a ƙulli na uku.
Gobe ku zo da ɗanye, a sake."