Littafin Bashi a Ƙofar Ƙwaya

Na buɗe shago da hantsi,
na share ƙofa, na yayyafa ruwa,
na kunna rediyo, ita ta fara yi mani sallama:
wai kasafin bana yana nan kan tebur,
'yan majalisa sun ja, masu biro sun ja,
kowa ya ce ko a bi tashi, ko a rufe ofis.

Ban san launin teburin ba.
Na dai san shinkafa ta riga ni jin labari.
Jiya na bar buhu kwance da kuɗinshi,
yau na iske ya miƙe ya ƙara tsawo,
ba wanda ya taɓa shi, ko ɓera.

Malam Rabe na sakatariya ya zo,
katin aiki na lilo a wuyanshi.
Tiya biyu, kwalbar manja, sabulu uku.
"Rubuta, Sallau, sai an yi albashi."
Na ce yaushe? Ya dubi rediyon
kamar ita ke riƙe da makullin baitulmali.
Na rubuta. Shafinshi ya cika, na juya.

Wannan littafi shi ne kasuwar hannun jarina.
Na zuba a malamin firamare,
na zuba a ungozoma, na zuba a masinja,
duk wata su tashi, duk wata su faɗi.
Bana kam sun faɗi tare,
kamar kwanukan da aka jera bisa kan yaro.

Da azahar na buga wa dillalina a Jibiya.
Shekara tara yana sakar mani kaya,
in sayar, in kai.
Yau ya ce, "Kuɗi hannu, Sallau,
ba kai na ƙi ba, zamanin na ƙi."
Na ji ƙarar kwaɗo yana shiga sito.
Bango ya tsage, ƙadangaru sun san hanya.

Iro ɗan canji ya raɓe a inuwata,
yana shafa waya kamar mai lallashin jinjiri.
Ya ce har ƙasar masu dala
sukan yi wannan ja-in-ja, a kulle ma'aikatu,
sai kuɗi su tattara zane su ruga.
"Kuɗi ai zabo ne," in ji shi,
"ka yi tari a bayan gari, ya tashi a tsakar gida."

Sai ga Gwaggo Lantana bayan la'asar.
Ita ce babbar mai jarina:
kwasar adashi biyu da kuɗin ɗan kunnenta
suna cikin waɗannan buhuna.
Ba ta zauna ba. Ba ta sha ruwa ba.
"Ka ware mani nawa, zan sayi tumaki.
Tunkiya ba ta jiran majalisa kafin ta haihu."
Na ce Gwaggo, a yi haƙuri mako guda.
Ta ce, "Su ma haka suka ce."
Na ƙirga mata rabi. Hannuna bai yi rawa ba,
kantar ce ta yi haske.

A hanyar masallaci na wuce gidan Mati kafinta.
Bencin makaranta ɗari biyu a tsakar fili,
an yi, an goge, an shafa fenti,
ruwan Agusta na karatu a kansu.
Mai katako na zaune a ƙofa, shi ma jira yake.

Labarun dare suka ce an tashi baram-baram,
za a sake zama ran Talata.
Wata Talatar ma na ji an yi musabaha,
an ɗauki hoto, kowa na dariya.
Buhu bai ga hoton ba.
Abin da ya hau, ya manta tsani.

Na ja ƙyaure, na zauna da fitila,
na tara, na ɗebe, na sake tarawa.
Sunaye arba'in da ɗaya,
duk mutanen kirki, duk ina gaisawa da iyayensu.
Na girgiza birona, tawada ta kusa ƙarewa.
Nasu can,
ko marfi ba a cire ba.