Ɓauren Nermin Hanim

Ni ne mai riƙon littafin kuɗi
a kamfanin Tevfik Bey, shekara goma sha ɗaya,
can bakin tashar jiragen ruwa ta Izmir
inda iskar gishiri ke cin ƙarfen taga.

Ran Talata muka kama hanyar Aydin,
da lauya, da jaka, da takarda shafi arba'in.
Za mu saye masana'antar Nermin Hanim ɗungurungum:
rumfa, injin, suna, har karen bakin ƙofa.

Muka tarar da ita cikin rana tana juya ɓaure.
Jakar ko kallo ba ta ishe ta ba.
Ta ɗauki ɗaya, ta latsa da babban yatsa,
ta kai hanci, ta ce da yaronta,
"Wannan layin, sai jibi."

Maigidana ya ce, "Ta yaya kika sani?"

Ta ce, "In ka saya, ka tambayi injin.
Ni dai ranar da na sa hannu
ƙauye zan koma kiwon zuma.
Manoma saba'in masu kawo mini kaya bashi
don sun ci abinci da mahaifina,
a wane shafi ka rubuta su?"

Lauya ya yi gyaran murya.
Shayi ya huce a 'yan kofunan gilashi.
Na ga Tevfik Bey ya ƙura wa yatsan nan ido,
baƙi, mai danƙo, farce a tsage,
kamar mai cinikin rijiya
da ya tuna ba a sayar da idon ruwa.

Kafin magariba shafi arba'in ya koma uku.
Ita ta shanya, mu mu yi dako.
Sunanta a gaban kwali, namu a gefe.
Riba a raba, asara a raba,
kowa ya kwana da makullin ƙofarsa.

Kada ka zaci zaƙi ne zalla.
Bara sun yi wata guda ba gaisuwa
a kan kuɗin jigila zuwa Hamburg,
ni na sha zirga-zirga tsakaninsu
har takalmina ya buɗe baki.
Amma jirgi ya tashi, cike.

Tsohuwar takardar tana nan, ban yar ba.
Teburina yana da gajeriyar ƙafa ɗaya.
Na ninke ta biyu,
na tokare.