Ɗaki a Ƙasa

Shekara talatin da ɗaya muna Tudun Wada,
layin masu gyaran rediyo, gida mai ƙofa shuɗiya.
Mai gidan ya rasu, magada suka zauna,
aka ce shaguna za a yi, bene hawa uku.
Wata uku suka ba mu, da "a yi haƙuri, Baba."

Na nemo Ɗanliti dillali,
yaron da nake saya wa alewa a ƙofar masallaci.
Yanzu waya biyu gare shi, makullai na kaɗawa a ƙugu,
ba ya tashi daga benci sai an biya kuɗin gani.

Na ce masa: ciki da falo, a ƙasa.
Kada ya yi nisa da sahu, kada ya yi nisa da kemis,
banɗaki a ciki,
don yana ta rufe wa Ladidi ido ɗaya tun bara.

Badarawa ya fara kai mu.
Matakala ashirin da biyu, gwiwata ce ta ƙirga.
A ta tara Ladidi ta zauna,
ta ce, "Malam, je ka gano, ka dawo ka ba ni labari."

A Rigasa ɗakin da faɗi, kuɗin da sauƙi,
sai dai bango ya tona asirin damina,
zanen ruwa daidai cibiyata.
A Malali aka ce shekara biyu a dunƙule.
Na yi dariya har da tari:
wa ya sa mini hannu a kan shekara biyu?

Wani a Unguwar Dosa ya dube mu sama da ƙasa,
ya ja Ɗanliti gefe.
Bai san kunnena na hagu na aiki ba:
"Tsofaffi? In rai ya yi halinsa, wa zai cika haya?"
Ni da na ƙarar da ƙuruciya a masaƙar Kakuri,
na yi wa rabin garin nan sutura,
yau ga ni a titi ina cigiyar inuwa.

Ranar Laraba, bayan la'asar, Unguwar Shanu.
Wani lungu da Keke Napep ba ya shiga.
Bishiyar gwaiba, rijiya da murfi,
dokin ƙofa da bai kai taƙi ba.
Mai gidan, Goggo Tasalla, ta girme ni.
Ba ta fara da zancen kuɗi ba.
Ta ce, "Kuna tashi da asuba?
'Ya'yana suna Legas, ɗaya na Jos.
Ina son wanda zai ƙwanƙwasa mini ƙofa
ranar da bai ji motsin butata ba."

Ɗanliti na ta lissafin la'adarsa a waya.
Ladidi kuwa ta riga ta cire gyale,
tana auna faɗin ƙofa da shi,
ko gadonmu na ƙarfe zai shiga.
Ya rage ɗan yatsa biyu.
Ta ce, "A kwance ƙafafun. Ai ba yau ya fara ƙaura ba."