Kashi na Goma Sha Huɗu

A Osaka, ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa,
inda rufin shagona ke rawa duk minti shida,
nake sayar da tsofaffin kaset na wasa.
Yau aka fito da kashi na goma sha huɗu
na Fitilar Tsibirai,
tun safe ba a bar ni na sha shayi da zafinsa ba.

Tatsunori ya shigo, furfura a gefen kunne,
jakar ofis a hammata.
Ya ce, "Sun kashe shi.
Da can da ladabi ake yaƙi:
ka sara, ka tsaya,
dodo ya sara, ya tsaya,
ka ajiye na'ura, ka kurɓi romo, ka yi tunani.
Yanzu fa? Walƙiya da ihu.
Babban yatsana ya tsufa, ba wanda ya yi shawara da shi."

'Yarsa Chihaya tana bayansa, ta taɓe baki.
"Baba, jiran da kake kira ladabi
rashin ƙarfin na'ura ne.
Jaruminku ko baki ba shi da shi.
Namu yana haki, yana kuka, yana kiran sunan uwarsa."
"Shi ya sa ban san shi ba," in ji uban.
"Wancan da ba ya magana, muryata yake ara."

Ni dai ina goge kanta.
Na ga wannan rigima a kashi na bakwai,
na sake ganinta a na goma.
Waɗanda suka tsine wa na bakwai ranar fitowarsa
su ne suka goya shi don su jefi na goma.
Kowa kashin da ya riske shi yana ɗan sha biyu
shi ne na gaskiya,
saura duk jabu.

Ya nemi kashi na uku. Na hure ƙura, na zura.
Batirin ciki bai mutu ba, ikon Allah.
Ga ajiyar wani yaro da ban sani ba,
ya sa wa jarumi suna Mitsu,
ya bar shi a ƙofar kogon ƙarshe
da kwalbar magani ɗaya,
shekara talatin yana tsaye.

Chihaya ta karɓi na'urar. Ta sara.
"Yanzu me zan yi?"
"Jira."
Ta jira, ƙafarta na kaɗawa.
Dodo ya sara. Ta ja tsaki,
amma ba ta ajiye ba.

Da ya sunkuya zai nuna mata maɓalli
jakarsa ta buɗe.
Na hango na goma sha huɗu a ciki,
ledarsa ma an riga an yage.
Ban ce komai ba.
Jirgi ya wuce, rufi ya yi rawa,
shayina ya huce.