Rumbu Ba Ya Tashi

Ta girme ni da shekara huɗu.
Ni gwiwata na ƙara in sanyi ya sauko,
ita ƙofarta ta hagu sai an sa mata kafaɗa.
Mun san halin juna.

Asuba a Wynyard, raɓa ta daskare a fiffike.
Na goge da hannun riga,
na tsiyayo fetur a 'yar kwalba, na ɗaga wa haske,
ina neman ɗigon ruwa kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.
Na bi farfela da tafin hannu
ko akwai tsagar da ido ya tsallake.
Bara tsuntsu ya yi sheƙa a bakin inji,
tun daga ranar ba na rantse wa kowane rami.

Orest bakanike ya ce, "Marlys,
abin da kike zuba wa tsohuwar nan
ya isa ya sauya rufin rumbunki sau biyu."
Bai ɗago daga kan sifana ba.
Na ce masa rumbu ba ya tashi.

Tari ɗaya. Tari biyu. Shiru.
Na ukun ta kama,
har haƙorana suka amsa.
Ciyawa ta yi ta gudu a ƙarƙashinmu,
can ƙasa ta sake mu
kamar wanda gardama ta gundura.

Ga gonakin alkama an yi musu aski,
ga tafki fari fat da agwagin daji.
Ba ma sauri. Ran da iska ta tare mu
tirela a titi sai ta wuce mu,
ina kallonta ta taga, ban ji kunya ba.

A aljihun kujera akwai littafin tafiye-tafiyenta.
Hannu uku ne a ciki.
Na Wendell Aasen, ƙanana kamar jerin tururuwa.
Na mijina Taras, kamar kaza ta yi tono,
layinsa na ƙarshe: minti arba'in, iska lafiya.
Sai shekara biyu babu ko ɗigo.
Sai nawa, da fari yana rawa.

Watan gobe likita zai auna idona.
Na riga na san layin ƙasa na allonsa ya fara yi mini hazo.

Na sauko, ta yi tsalle sau biyu kafin ta zauna.
Orest ya gani, ya yi kamar bai gani ba.
Injin na huci, yana ƙyas-ƙyas yana sanyi.
Na rubuta: awa ɗaya da minti goma.
Na fere fensirin Taras,
na mayar da shi inda yake.