Kujera ta Tara

Shekara goma sha bakwai ina gaban injin gurza,
ƙurar auduga ta kama haya a ƙirjina,
tarin asuba ya san ni, na san shi.
Ran Laraba aka ce, Bappayo, wanke hannu,
'yan'uwanka sun zaɓe ka, hau bene,
cikin masu kamfani an ware maka kujera.

Su takwas ne, kowa da gorar ruwa a gabansa
da hannun da bai taɓa gaisawa da baƙin mai ba.
Na ɓoye farcena a ƙarƙashin tebur.
Sanyin ɗakin ya fi na randar innata a Kumo.
Wani ya yi mini murmushi, sunana bai sani ba,
ya ce wa magatakarda, rubuta, mun cika tara.

Shugaba ya buɗe takarda, murya kamar man shanu:
Ma'aikatanmu na Garwa, can Kamaru,
sun yarda a rage kuɗin aikin dare.
In Gombe ta ƙi, inji ba shi da dangi,
tirela biyu ta isa ta ƙetarar da shi iyaka.
Na ce a ba ni mako guda.
Ya ce guda fa, kasuwa ba ta jira.

Da na sauko Lamela ta tare ni a bakin sikeli:
Yaya shayin sama? An ce har da madara.
Aka yi dariya, ba dukanta ce ta wasa ba.
Kowa ya ci ladan kuturu, in ji wani, ya yi masa aski.
Kuɗin zaman da ke aljihuna
suka koma garwashi, tun ban taɓa su ba na ji ƙuna,
na wuce ban tanka ba, ban kuma san ta ina zan fara.

Manu direba ne ya ba ni lambar,
shi da ke kai iri ta hanyar Yola.
Hammajoda, jagoran ƙungiyarsu ta can.
Fillancina na kaka ne, ya yi tsatsa,
Hausarsa ta tasha ce, tana ɗingishi,
haka muka lallaɓa har kati ya kusa ƙarewa.
Sai ya yi shiru. Sai ya ce, maimaita.
Mu ai an ce mana Gombe ce ta yarda,
an ce ku kuka sa hannu tun bara.

Muka nemo Damagaram, Tanimun ta ɗauka,
ita ma waƙar da aka rera mata ke nan.
Muka jera albashi, nasu da sefa, namu da naira,
ramin ɗaya ne, bakinsa ne uku.
Ashe da inuwar juna ake ta ba mu tsoro,
ba wanda ya lura.

Na koma bene da wasiƙa uku, hatimi uku,
na shimfiɗa su tsakanin gorunan ruwa.
Na ce ranka ya daɗe, ina za a kai injin?
Duk inda ya sauka, amsar nan zai tarar.
Aka jefa ƙuri'a. Bakwai suka tafi tare.
Tsohuwar akanta ta naɗe hannu, ta ƙi ɗagawa.
Ni kaɗai na ce a'a,
na ce magatakarda ya rubuta da sunana, ban da gyara.

Ban ci ba. Amma wata biyu ke nan
takardar ragin tana kwance, tirela ba ta zo ba.
Daren jiya Lamela ta ajiye mini kunu a kan buhu,
ba ta ce komai ba, ni ma haka.
Ina tara ƙurar injin a kwalbar zuma,
zama mai zuwa a tsakiyar tebur zan ɗora,
su ga abin da muke sha mu a ƙasa.
Wayata na ringi. Garwa ce ke kira.