Allon Ƙarƙashin Ruwa

Bayan magariba, a bakin ruwan Apapa,
kayan nutso na ɗiga a kan igiya,
ni kuma ina bisa tsohuwar taya
da farin allon roba a cinyata.
Faɗinsa bai wuce tafin hannu ba,
amma duk abin da aka ce yau
taku talatin ƙasa da hasken rana
yana nan kwance da baƙin fensir.

Farfela ta haɗiye igiya.
Tsatsa a haƙarƙarin hagu.
Iska saura minti shida.
Ka ji hirar ƙarƙashin jirgi:
ba sallama, ba ina gajiya,
baki cike da roba,
ruwa kuma kamar kunun kanwa.

Magogin 'yan makaranta ba ya yi,
dama baƙin yake, ya bar allo toka-toka.
Yashi yana yi, sai dai ya bar ƙarzuwa,
gobe fensir ya kwanta a ciki, ya ƙi tashi.
Tamuno ne ya nuna mini man goge baki:
ɗigo ɗaya, kamar ƙwayar wake,
da babban yatsa, da rashin gaggawa.
Ka yi ta murzawa kamar mai lallashin ciwo,
ka ɗauraye da ruwan leda,
allo ya fito fes yana ƙamshin na'ana'a.

A Yawuri kakana a ƙwarya yake wanke allo
a kai wa mara lafiya ya sha.
Ni nawa wankin kwata yake bi
ya koma teku, kifaye su sha lissafin tsatsa.
Ban san ko yana yi musu magani ba.

Kalma guda ce ta ƙi fita.
Kusurwar dama, haruffa uku: HAU.
Hausar Tamuno ke nan kaf,
in ka cire kuɗi da sannu.
Ranar da jirgin shinkafa ya tada inji
muna ƙarƙashinsa, ba wanda ya gaya wa matuƙi,
sai ya danna fensir har ya karye,
ya manna allon a gilashin fuskata,
ya tunkuɗa ni wajen sarƙar anga.
Shi daga baya ya fito, da saurin da ruwa ba ya yafewa,
jini siriri na bin wuyansa daga kunnuwa biyu.

Na sa mai, na sa toka,
na sa kananzir da lemon tsami.
Baƙin ya tafi tuni. Gurbin ne ya zauna.
In na karkata allon ga fitilar mai shayi
sai haruffan su miƙe da inuwarsu.

Yanzu yana Ajegunle yana gyaran janareto.
Ba ya jin ƙarar, wai riba ce.
Kamfani ya ba shi ambulan, ya ba shi hannu.
Ranar Lahadi nakan shiga kwalekwale
da allon a aljihun gaba.
Ya yi tambaya da murya mai tsorata kaji,
in rubuta amsa da burokan Legas:
ruwa ya yi sanyi, oga ya yi tumbi,
sabon yaron yana tsoron kaguwa.
Ya yi dariya har maƙwabta su leƙo.

In allo ya cika, Ibiere ta kawo man goge bakinsu,
ya karɓa, don ya ce ban iya ba har yau.
Ina kallon yatsansa mai baƙin mai
yana kewaya, yana kewaya,
ya zo kusurwar dama, ya ɗan tsaya,
ya tsallake.

Gobe da asuba akwai jirgin taki.
Na fiƙe fensir, na ɗaura masa sabon zare.